Ku Tambaya Mu Amsa: Sauya Fasalin Rumbun Bayanai Daga Baƙin Allo

Wasiƙun wannan watan, mafi yawansu daga Yamai da Tawa, sun karkata ga abu guda: yadda ake ƙara tebur, ko ginshiƙi (gurbin bayani iri ɗaya a tebur, kamar suna ko lambar waya), ko fihirisa (jerin da ke hanzarta nema) a rumbun bayanai ta hanyar buga umarni a baƙin allo, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, alhali rumbun yana cike da bayanan mutane. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma cire sunayen ma'aikatu.

Wani ɗalibi daga Tawa: Assalamu alaikum. Ina koyon aiki a wani biro nan Tawa. Manhajar da munka gada da Laravel anka rubuta ta, wani kayan aikin gina manhajoji. In ina son ƙara ginshiƙi, phpMyAdmin nike buɗewa, shafin da ake gyara rumbu da hannu, minti biyu an gama. Maigidana ya hana ni, ya ce sai dai fayil ɗin sauyi da `php artisan migrate`. Mi ne ne amfanin wannan doguwar hanya?

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Maigidanka yana da gaskiya. Rumbun da kake gani ba shi kaɗai ba ne. Akwai na kwamfutarka, akwai na abokin aikinka, akwai na uwar garke da jama'a ke aiki da shi. Ginshiƙin da ka ƙara da hannu a wuri ɗaya yake zaune, sauran ba su san da shi ba. Ranar da aka ɗora sabuwar manhajar a kan uwar garke, za ta nemi ginshiƙin ta rasa.

Fayil ɗin sauyi, wanda ake rubuta gyaran fasalin rumbu a cikinsa, yana tafiya tare da manhajar a cikin Git, ma'ajiyar da abokan aiki ke raba rubutun manhaja da ita, don haka kowane rumbu yana samun sauyi iri ɗaya, bi da bi. Abin da za ka riƙe shi ne wannan: kayan aikin ba ya leƙa teburorinka ya ga yadda suke. Littafi yake dubawa. Kamar mai kanti ne da ya amince da littafin lissafinsa, ba ya tashi ya ƙirga kayan da ke kan kanta. A Laravel littafin shi ne tebur mai suna `migrations`, yana riƙe da sunan kowane fayil da aka gudanar da lambar rukunin da ya shiga. Sauran kayan aiki irinsa ma suna da nasu: a Django sunansa `django_migrations`, a Flyway `flyway_schema_history`, a Alembic `alembic_version`. In ka buga umarnin, sai ya gwada fayilolin da ke babban fayil da abin da ke littafin, ya gudanar da waɗanda ba a rubuta ba. Wasu daga cikin matsalolin da za ka karanta a ƙasa daga nan suke fitowa: littafi ya ce abu kaza, rumbu ya ce wani abu dabam.

Ga yadda za ka yi. Ka buga `php artisan make:migration add_unguwa_to_clients_table --table=clients`. Fayil zai fito a `database/migrations`, da kwanan wata da lokaci a farkon sunansa, wanda shi ke tsara wane ke gaba da wane. A sashen `up` ka rubuta sauyin, a sashen `down` ka rubuta yadda za a warware shi. Sai `php artisan migrate:status` don ka ga abin da ke jira. Sai `php artisan migrate --pretend`, wanda zai nuna maka ainihin SQL ɗin da za a aika, wato umarnin da rumbu ke ganewa, ba tare da ya taɓa komai ba. Ka karanta shi layi layi. Sannan `php artisan migrate`. A kan uwar garke zai tambaye ka ko ka tabbata, sai dai in an sa `--force`.

Saura ginshiƙan da ka riga ka ƙara da hannu. Ka rubuta musu fayil, amma ka sani a rumbun da suke ciki MySQL, manhajar da ke riƙe da rumbun, zai ƙi da kuskure mai lamba 1060, wato ginshiƙin yana nan. Ka kewaye sauyin da sharaɗin `Schema::hasColumn`, ya ƙara shi inda babu, ya wuce inda akwai.

Wata malama daga unguwar Plateau, Yamai: Na shiga uwar garkenmu daga nesa ta SSH da rezon wayata, na buga `migrate`. Fayil ɗin yana ƙirƙirar tebur ɗaya, yana ƙara ginshiƙi a teburin ciniki, yana kuma ƙara fihirisa. Ana cikin yi aka ɗauke wuta, rezo ya tafi. Da na dawo na sake bugawa, ya ce teburin yana nan tun da. MySQL 8 muke da shi. In buga `migrate:rollback` ne?

A'a, Malama, kada ki buga shi. Fayil ɗin da ya tsaya a rabi bai shiga littafi ba, domin sai an kammala shi ake rubutawa. In kika ce a koma baya, rukunin ƙarshe da ke littafin za a warware, wato sauyin da kika yi a baya wanda ke aiki lafiya, wataƙila da bayanan mako biyu a cikinsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Dalilin da ya sa aiki ya tsaya a rabi yana cikin halin MySQL da MariaDB. A wurinsu, kowane umarnin sauya fasali, `CREATE TABLE` ne ko `ALTER TABLE`, yana tabbata nan take da kansa. Ba a iya ƙulla umarnai uku irin naki a ƙunshi ɗaya, wato tarin umarnin da ake cewa ko su shiga duka ko babu. MySQL 8.0 ya kawo gyara, amma iyakarsa umarni ɗaya: shi kaɗai ne ko ya kammala ko ya warware. Wasu manhajojin rumbu, PostgreSQL da SQLite, suna iya ƙulla su duka, shi ya sa a can fayil ɗin da ya faɗi yakan bar rumbu kamar yadda ya same shi.

Abu na farko, ki shiga MySQL ki buga `SHOW FULL PROCESSLIST`. Yankewar rezonki ba lallai ta tsayar da `ALTER TABLE` ba. Yana iya ci gaba da gudu a can, musamman in teburin ciniki babba ne. In kin gan shi, ki bar shi ya gama. Na biyu, ki buga `migrate --pretend` ki ajiye umarnai ukun a gefe, sannan ki duba kowanne da idonki: `SHOW CREATE TABLE` zai nuna miki ko ginshiƙin ya shiga, ko fihirisar ta shiga. Gani ya kori ji.

Daga nan hanya biyu ce. Ko ki warware abin da ya shiga da hannu, ki zubar da sabon teburin, ki cire ginshiƙin, ki sake gudanar da fayil ɗin daga farko. Ko ki ƙarasa abin da ya rage da hannu, sannan ki rubuta sunan fayil ɗin a teburin `migrations` da lambar rukuni ta gaba. Mun fi son ta farko muddin sabon teburin ba shi da ko layi ɗaya, domin littafin ya kasance kayan aikin ne ya rubuta shi. Amma in ƙara ginshiƙin ya ci minti arba'in, ba za mu ce ki sake shi don neman tsabta ba, ki bi ta biyu. Masu Django suna da `migrate --fake` don wannan rubutun, masu Flyway kuma `flyway repair` yana share alamar faɗuwa daga littafin bayan an gyara rumbun. Dukansu littafi kawai suke taɓawa. Wanda ya buga `--fake` bai duba teburin ba ya yi wa kansa ƙarya a rubuce.

Don gaba, abu uku. Kada ki ƙara gudanar da sauyi kai tsaye a zaman SSH, balle a watannin Afrilu da Mayu da wuta ke yawan tafiya. Da kin shiga ki buga `tmux new -s sauyi`, ki yi aikin a ciki. Rezo ya tafi, aikin yana nan. Ki dawo ki buga `tmux attach -t sauyi` ki same shi inda yake. Na biyu, a MySQL kowane fayil ya ɗauki umarnin fasali ɗaya rak. Da fayiloli uku ne, da littafin ya gaya miki daidai inda aka tsaya. Na uku, kwafin ajiya kafin komai: `mysqldump --single-transaction --routines`, kuma ki jira ya ƙare kafin ki fara, domin sauya fasali a tsakiyar kwafin yana ɓata shi. Kwafin da ba a taɓa gwada mayarwa ba, ba mu ƙirga shi. Ki zuba shi a wani rumbu na gwaji, ki gudanar da sauyin a can da `time` a gaban umarnin, ki san mintocin da zai ci kafin ki taɓa na gaske.

In uwar garken tana cikin birona ne, ba a waje ba, batirin riƙe wuta ya zama dole. A tsohon MySQL 5.7, mutuwar na'ura a tsakiyar `ALTER TABLE` tana barin gawar tebur mai suna da ya fara da `#sql-`, tana cin wuri a faifai.

Wani injiniya a wani asusun ajiya da bashi, Yamai: Ginshiƙi ɗaya na ƙara a PostgreSQL 14, babu ko ƙima ta asali, wato wadda ake cika shi da ita in ba a ba shi komai ba. A kwamfutata bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A uwar garke, da ƙarfe goma na safe, duk masu karɓar kuɗi suka tsaya cik kusan minti ashirin, layi har waje. Me ya faru?

Malam, ba sauyin ne ya daɗe ba, jiran kulle ne, wato hana wasu taɓa teburin yayin da ake sauya shi. `ALTER TABLE` yana buƙatar kulle mafi ƙarfi, `ACCESS EXCLUSIVE`, ko da na ƙiftawar ido ne. In akwai wani da ke karanta teburin, misali rahoton wata da ke gudu tun safe, ko zaman da wani ya buɗe ƙunshi ya tafi shan shayi bai rufe ba, sai umarninka ya tsaya jira. Wannan ba laifi. Masifar ita ce duk wanda ya zo bayanka, har mai neman duba ragowar kuɗin mutum ɗaya, bayanka zai shiga layi. Babbar mota ce ta tsaya a bakin gadar Kennedy tana jiran amalanke ya wuce: ita ba ta tafi ba, ba ta kuma bar kowa ya tafi ba.

Magani shi ne ka hana umarninka dogon jira. A farkon fayil ɗin ka sa `SET lock_timeout = '3s'`. In bai sami kulle cikin daƙiƙa uku ba, ya faɗi, layi ya buɗe, ka sake gwadawa anjima. Da psql ko Django kana iya sa shi daga baƙin allo: `PGOPTIONS="-c lock_timeout=3s" python manage.py migrate`. Kafin ka fara kuma ka leƙa `pg_stat_activity`, ka nemi tambayoyin da suka daɗe da masu alamar `idle in transaction`. In ka riga ka maƙale, `pg_blocking_pids` zai gaya maka wanda ya tare ka. Ka kula da `pg_dump`, mai ɗaukar kwafin ajiya: yana riƙe da kulle mai sauƙi a kan kowane tebur har ya gama. Mutane da yawa suna zaɓar tsakar dare don sauyi, su yi karo da kwafin ajiyar dare. Ka kuma tuna yawancin uwar garke suna bin agogon UTC, mu kuma a Nijar muna gaba da awa ɗaya.

Masu MySQL kada su yi dariya. Suna da irin wannan, yana fitowa da saƙon `Waiting for table metadata lock`, kuma iyakar jiransu ta asali, `lock_wait_timeout`, daƙiƙa 31536000 ce, shekara guda cur.

Tunda ka taɓo, ka bambance sauyi mai sauƙi da mai nauyi. Tun PostgreSQL 11, na 2018, ƙara ginshiƙi da tsayayyiyar ƙima ta asali ba ya sake rubuta teburin. Amma in ƙimar mai canzawa ce, irin `random()`, za a sake rubuta kowane layi. Haka mayar da `integer` zuwa `bigint`: sabon kwafin tebur da fihirisarsa, kulle a rufe har a gama, faifai kuma sai ya ɗauki kwafi biyu a lokaci guda. Ka buga `df -h` tukuna ka ga wurin da ya rage a faifai. Fihirisa a babban tebur ana yinta da `CREATE INDEX CONCURRENTLY`, wanda ba ya hana rubutu, amma ba ya shiga ƙunshi; a Django sai ka sa `atomic = False` a fayil ɗin. In ya faɗi a hanya yana barin fihirisa mai alamar `INVALID`, wadda ba ta taimakon karatu amma tana nauyaya rubutu. Ka zubar da ita ka sake.

Wani mai kula da manhajar wani kantin magani, Tawa: Ginshiƙin lambar waya `INT` ne. Munka fara sa 227 a gaba, yanzu ɗaruruwan masu saye duk lambarsu ta koma 2147483647. In na sauya irin ginshiƙin za su dawo?

Ba za su dawo ba, ɗan'uwa. Lambar Nijar alƙalami 8 ce, tana shiga `INT`. Da 227 ta zama 11, ta wuce iyakarsa, wadda ita ce wannan 2147483647 ɗin. MySQL ɗinka ba ya cikin yanayin tsauri, shi ya sa maimakon ya ƙi, ya datse ya ajiye iyakar. Ka nemo tsofaffin lambobin a kwafin ajiya. Sababbin masu saye sai a sake tambayarsu. Ka kunna `STRICT_TRANS_TABLES` don ya riƙa ƙi da kuskure 1264.

Lambar waya rubutu ce, ba a tara ta ba a ɗebe ta. `VARCHAR(16)` ya isa: alamar + da alƙalami 15, iyakar tsarin ƙasa da ƙasa. Teburin kantin magani na layuka dubu kaɗan, ka rufe kanti, ka ɗauki kwafi, ka gudanar da `ALTER TABLE ... MODIFY` sau ɗaya, an wuce wurin. In teburin na miliyoyi ne kuma ba a iya tsayar da aiki, sai a bi a hankali, fayil bayan fayil. A ƙara sabon ginshiƙi da ke karɓar wofi. A ɗora manhajar da ke rubutawa a tsoho da sabo tare. A cika tsofaffin layuka rukuni rukuni, dubu biyar biyar bisa lambar layi, da ɗan hutu a tsakani, ba `UPDATE` guda da zai kulle komai ba. A mayar da karatu kan sabon. Sai bayan mako ɗaya ko biyu a zubar da tsohon. Haka ake yi wa canza sunan ginshiƙi ma, domin da zarar ka canza suna kai tsaye, tsohuwar manhajar da ke gudu a daƙiƙar za ta faɗi. Tunda kana ciki, ka leƙa ginshiƙin farashi. In `FLOAT` ne, ka mayar da shi `BIGINT`; sefa ba ta da ɓurɓushi a kasuwa, `FLOAT` kuwa yana ɓata jimla.

Wata malamar makaranta, Harobanda, Yamai: Sunaye masu ɗ da ƙ da ƴ suna fitowa da alamar tambaya a rumbunmu, amma é da ç na Faransanci lafiya lau. An ce in koma `utf8mb4`.

An gaya miki daidai, Malama. Teburin yana kan tsarin haruffa na `latin1`, wanda ya san haruffan Faransanci bai san masu lanƙwasa namu ba. Amma ki duba kafin ki buga `ALTER TABLE ... CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4`. Ki zaɓi suna ɗaya ki buga `SELECT HEX(suna)`. In kin ga `3F` a wurin harafin, alamar tambaya ce ta gaske aka ajiye, harafin ya tafi, sai a sake shigar da shi bayan gyara. In kuma kin ga `C997` a wurin ɗ, ko `C699` a wurin ƙ, harafin yana nan lafiya, laƙabin ginshiƙin ne ƙarya. A wannan hali `CONVERT` zai ninka ɓarnar. Sai a fara mayar da ginshiƙin `VARBINARY` ko `BLOB`, sannan a dawo da shi rubutu a `utf8mb4`. Haɗin manhajar da rumbu ma sai an mayar da shi `utf8mb4`. A MySQL 5.6 za ki iya cin karo da iyakar fihirisa ta bayit 767: haruffa 255 sau 4 sun wuce ta, shi ya sa kike ganin 191 a tsofaffin manhajoji.

Wani daga Boukoki: Wani bidiyo ya ce `migrate:fresh` yana warware duk wata rikicewa.

Yana warwarewa, ta hanyar zubar da kowane tebur da abin da ke cikinsa. Na kwamfutarka ne kaɗai, kuma ka duba `DB_HOST` a fayil ɗin `.env` kafin ka buga. Sababbin fitowar Laravel suna da `DB::prohibitDestructiveCommands`, ka kunna shi a uwar garke. `rollback` ma fasali yake dawowa da shi: ginshiƙin da aka zubar zai dawo wayam.

Wasu abokan aiki biyu, Yantala: Kowannenmu ya yi fayil mai lamba 0008 a reshensa na Git. Da muka haɗe, Django ya ƙi gudu. Ɗayanmu ya ce a gyara 0007 a zuba komai a ciki.

Kada ku taɓa 0007. Ya riga ya shiga littafin uwar garke, Django ba zai sake karanta shi ba, gyaranku zai bayyana ne kawai a sababbin rumbuna, sai ku wayi gari da fasali iri biyu. Flyway ma yana ajiye lissafin tantance kowane fayil, ya ƙi motsi in an canza harafi ɗaya a wanda ya wuce.

Ku buga `python manage.py makemigrations --merge`. Zai yi fayil 0009 wanda ba ya sauya komai, ya dogara ne kawai a kan 0008 ɗin guda biyu. Wannan ya isa in teburori dabam kuka taɓa. In ginshiƙi ɗaya kuka taɓa ku biyu, haɗewar ba ta san wa ke da gaskiya ba. Wanda nasa bai kai uwar garke ba ya koma baya a kwamfutarsa da `migrate` da sunan sashen manhajar da 0007, ya share fayil ɗinsa, ya jawo na abokinsa, ya sake `makemigrations`. Sannan `sqlmigrate` ya karanta SQL ɗin, `migrate --plan` ya ga jerin. Ku kuma sa `makemigrations --check` a gwajin da ke gudu kafin haɗe reshe: yana faɗuwa in akwai karo irin naku, ko in wani ya canza samfuri, wato bayanin fasalin tebur a cikin manhajar, bai yi masa fayil ba.